Gawar Wa Ce?

Sun kafa kotu cikin tanti a bakin ruwan Morotai,
teburi uku, tuta uku, fanka ɗaya da ba ta juyawa.
Ni aka kira, Dominggus mai kwalekwale,
aka ba ni rigar aro, hannunta ya haɗiye yatsuna.

Baturen Holan ya ce ƙasar tasu ce
tun kafin kakana ya san kanumfari kuɗi ne,
don haka jinin da ya zuba a kanta su ke da shi.
Na Ingila ya buga alƙalami a kan fayil:
mamacin sojanmu ne, daga Panjab muka ɗebo shi,
ga lambarsa, ga albashin wata goma sha tara da bai karɓa ba.
Na Ostareliya bai ɗaga murya ba,
ya dai nuna waje da haɓa, inda waya mai ƙaya ta kewaye fili:
mai laifin yana hannunmu, shinkafarmu yake ci.

Kwana tara ana wannan.
Takarda ta je Singafo ta dawo da hatimi,
ta je Batabiya ta dawo da wani hatimin bisa na farko.
Ni ina benci,
kifi na wucewa a teku babu mai yi masa magana.

Ba wanda ya tambaye ni sunansa.
Fazal Dad. Shi ya gaya mini,
ranar da na tura masa rogo ta ƙarƙashin shinge,
ya karya biyu, ya cusa rabi cikin rawani
saboda wani da ƙafa ta daina ɗauka.
A kan rabin nan ne.
A kan rabin rogo aka ɗaure shi jikin kwakwa
tun hantsi har inuwa ta gaji ta koma gabas.
Ina kwance cikin ciyawa. Ban fito ba.
Wannan ma ku rubuta, in takardar tana da sauran wuri.

Rana ta goma suka daidaita, har da shayi.
Ostareliya za ta yi shari'a,
Ingila ta aiko hafsa ya zauna a gefen alƙali,
Holan ta karɓi kwafi,
in da sauran numfashi bayan hukunci, su ma suna da tasu tambayar.

Aka shigo da Saje Kuramochi.
Na zaci zan ga dutse.
Sai ga ɗan mutum, wuya kamar na zakara bayan ruwan sama,
tabarau ɗaure da zare.

Maganata sai ta bi baki biyu kafin ta kai kunnensa,
daga Malayanci zuwa Turanci, daga Turanci zuwa nasu,
kamar ruwan da ake miƙawa tafi zuwa tafi.
Na ce: ya kira uwarsa har murya ta dushe,
sannan ya ci gaba da kira ba murya.
Tafinta na ƙarshe ya faɗi kalma uku ya yi shiru.

Lauyansa ya miƙe: wace kwakwa?
Tsibirin nan kwakwa dubu nawa ne?
Aka shimfiɗa taswira uku,
kowa da launin da ya shafa wa ƙasarmu,
babu wadda ta san bishiyar.

Ni na san ta.
Da dare na kwance igiyar da haƙori, don wuƙa tana ƙyalli.
Ni Kirista ne, ban san yadda ake kwantar da Musulmi ba,
na tashi maƙwabcina Salasa daga barci,
ya nuna mini yamma, ya karanta abin da ya sawwaƙa,
muka haƙa da filafili.

An yanke hukunci ranar Talata, ban ji adadin shekarun ba,
injin jirgi ya taso daidai lokacin.
Suka karɓi rigarsu.
Suka ba ni gwangwanin nama biyu da takarda mai hatimi uku.

Damina ta dawo, ciyawa ta sake rufe wurin.
Gobe in ruwa ya lafa
zan tafi da adda.